Hasken Asubar Petrozavodsk: Nazarin Abin da Ya Faru Ranar 20 ga Satumba 1977

Da misalin ƙarfe huɗu na asubar Talata, 20 ga Satumba 1977, waɗanda ba su yi barci ba a birnin Petrozavodsk sun ga wani abu a sama da ba su taɓa ganin irinsa ba. Petrozavodsk shi ne babban birnin Kareliya, a arewa maso yammacin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, yana bakin tafkin Onega, kuma a wancan lokaci mazaunansa sun haura mutum 200,000. Shaidun sun ce wani babban tauraro ya tashi daga gabas yana ƙara haske, ya nufo garin a hankali, sannan ya buɗe ya zama kamar wata katafariyar lema mai zaruruwan haske da ke saukowa ƙasa tamkar ruwan sama. Rashawa sun kwatanta shi da wata halittar teku mai jiki kamar lema da igiyoyi a ƙarƙashinta, wadda suke kira meduza, kuma da wannan suna lamarin ya shahara har yau. Bayan wani ɗan lokaci zaruruwan suka ɗauke, abin ya koma kamar rabin da'ira, ya yi wajen tafkin, inda ya bar wani haske a cikin gajimare mai ja a tsakiya da fari a gefe. Duka-duka abin ya ɗauki minti 10 zuwa 12.

Hasken ya wuce iyakar Petrozavodsk nesa ba kusa ba. An samu rahotanni daga Leningrad, birnin da yanzu ake kira Sankt Peterburg, da wasu garuruwan arewa maso yammacin ƙasar, har da ƙasar Finland. Wannan faɗin yankin da aka ga hasken shi ne babbar hujja a duk wannan nazari, kuma zan dawo kansa.

Abin da ya bambanta wannan lamari da ɗaruruwan makamantansa shi ne cewa kamfanin dillancin labarai na gwamnati, TASS, ya ɗauki labarin. Wakilinsa a Kareliya, Nikolai Milov, ya rubuta rahoto, kuma a ranar 23 ga Satumba jaridun ƙasa suka buga shi, cikinsu har da Sotsialisticheskaya Industriya. A cikin rahoton an ambaci Yuri Gromov, shugaban tashar nazarin yanayi ta birnin, wanda ya bayyana cewa ma'aikatansa ba su taɓa ganin irin wannan abu ba. A ƙasar da ba a buga kalma ɗaya sai da izinin hukumar tace rubutu, fitowar irin wannan labari a jaridar gwamnati ta ba shi nauyin da babu wata jita-jita da za ta iya samu. Mutane suka ce tunda gwamnati da kanta ta faɗa, kuma masananta sun kasa bayani, to lallai akwai wani abu a ƙasa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa labarin ya kama kamar wutar daji, sai an koma shekara goma baya. A shekarar 1967 mutanen kudancin Rasha da Yukren da yankin Kafkas sun yi ta ganin wani haske mai siffar jinjirin wata yana ratsa sama da magariba. Feliks Zigel, malami a Cibiyar Nazarin Jiragen Sama ta Mosko, wanda ake ɗauka a Rasha a matsayin uban binciken abubuwan da ke shawagi a sama waɗanda ba a gane ba, ko NLO kamar yadda Rashawa ke taƙaita sunan, ya fito a talabijin a watan Nuwamba na wannan shekara tare da Janar Porfiri Stolyarov, suka roƙi jama'a su aiko da abin da suka gani. Wasiƙu suka yi ta zuwa. Ba a jima ba aka rushe kwamitin binciken da suka kafa, jaridar Pravda kuma ta fito a farkon 1968 ta yi watsi da batun gaba ɗaya. Daga baya aka gano cewa ranakun da aka ga jinjirin sun dace da ranakun gwajin wani makami mai linzami da ake harbawa ya shiga falaki ya zagaya wani ɓangare na duniya kafin ya sauko, a daidai shekarar da Tarayyar Sobiyet ta sa hannu kan yarjejeniyar hana ajiye makaman nukiliya a sararin samaniya. Wato Zigel, ba da saninsa ba, ya sa dubban mutane suna tattara bayanai kan gwajin da gwamnati ta fi son a ɓoye. Daga nan aka toshe bakin jaridu kan batun, sai ya koma ƙarƙashin ƙasa: ana buga laccoci da tafireta, ana miƙa su hannu da hannu, kowa ya karanta ya ba na kusa da shi. Cikin wannan ƙishirwa ta shekara goma labarin Petrozavodsk ya faɗo.

Bayanan farko da masana suka bayar ba su gamsar da kowa ba. Vladimir Krat, shugaban tashar nazarin taurari ta Pulkovo da ke kusa da Leningrad, ya fara da cewa wataƙila wani babban dutse ne ya faɗo daga sama. Amma dutsen sama yana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ba ya tsayawa minti goma yana buɗewa. Wani masani ya kawo bayanin cewa iskar sama ce ta yi haske saboda haɗuwar wasu sinadarai. Wasu suka ce nau'i ne na hasken nan da ke bayyana a sararin ƙasashen arewacin duniya da daddare, alhali mutanen Kareliya sun san wannan haske tun suna yara, kuma sun tabbatar abin da suka gani daban ne. Duk lokacin da wani masani ya kawo bayani mai rauni, sai masu cewa jirgin baƙin halittu ne daga wata duniya su ƙara samun magoya baya. Vladimir Azhazha, tsohon jami'in sojan ruwa wanda laccocinsa suka yi ta yawo a hannun jama'a, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan fassara. A hankali labarin ya yi ta samun ƙari: aka ce zaruruwan hasken sun huda gilasan tagogi, aka ce abin ya tsaya cak a kan wani titi na garin, aka ce ya sauko ƙasa-ƙasa. Babu wata hujja da ta taɓa haɗa ramukan gilasan da hasken wannan asuba.

Ainihin amsar tana nisan kimanin kilomita 350 gabas da birnin, a cikin dazuzzukan lardin Arkhangelsk. A can ne filin harba rokoki na Plesetsk yake. An kafa shi a 1957 a matsayin sansanin makamai masu linzami masu cin dogon zango, ya fara harba taurarin ɗan'adam a 1966, kuma a shekarun 1970 babu filin da ya kai shi yawan harbawa a duk duniya. Duk da haka, a hukumance babu shi. Ba a ambatarsa a jarida, ba ya kan taswira, kuma sai a 1983 gwamnati ta amince a bainar jama'a cewa akwai shi. Abin da ke ba ni mamaki kuma yake ba ni takaici shi ne, a ƙasashen Yamma an san da filin tun 1966, lokacin da wani malamin kimiyya na makarantar sakandare a garin Kettering na Ingila, Geoffrey Perry, tare da ɗalibansa suka bi sawun tauraron Kosmos-112 ta siginar rediyonsa, suka lissafa cewa ba daga sanannen filin Baikonur da ke Kazakistan aka harba shi ba, daga wani wuri ne a arewa. Yaran makaranta a Ingila sun san abin da aka haramta wa mutanen Kareliya, maƙwabtan filin, su sani.

Da ƙarfe 4 da minti ɗaya na wannan asuba, agogon Mosko, aka harba tauraron Kosmos-955 daga Plesetsk a kan roka samfurin Vostok-2M. Tauraron na leƙen asiri ne, aikinsa sauraren siginar na'urorin rada na wasu ƙasashe. James Oberg, injiniya a cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da ke Houston a Amurka, wanda ya daɗe yana bibiyar shirin sararin samaniya na Sobiyet, ya haɗa lokacin harbin da lokacin da aka ga hasken ba da daɗewa ba bayan fitowar labarin. Lokacin ya dace, kusurwar da mutane suka duba ta dace, tsawon mintocin ma ya dace da tsawon lokacin da roka ke ɗauka kafin ta kai falaki.

Sai dai dacewar lokaci kaɗai ba ta isa ba, dole a bayyana yadda roka za ta zama lemar haske a idon mai kallo. A nan ƙasa, hayaƙin da injin roka ke fitarwa yana fita ne a tsuke, domin nauyin iskar da ke kewaye da shi yana matse shi. Idan roka ta haura kilomita 100 zuwa 200, iskar ta kusa ƙarewa, babu abin da zai matse hayaƙin, sai ya bazu ta kowace fuska da gudun gaske, ya zama wani ƙaton gajimare na iskar gas da ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara wanda faɗinsa kan kai ɗaruruwan kilomita. Da rana tsaka ba a lura da shi saboda hasken sama ya rinjaye shi. Da tsakar dare ma ba a ganinsa sosai, domin yana cikin inuwar duniya. Amma akwai ɗan lokaci gab da asuba ko bayan magariba da ƙasa ke cikin duhu alhali can sama rana ta riga ta haska. Duk wanda ya taɓa ganin jirgin sama yana wucewa bayan faɗuwar rana, farin layin da ya bari a baya yana walƙiya alhali gari ya soma duhu, ya ga ƙaramin misalin wannan. Rokar Kosmos-955 ta tashi cikin duhu, ta nufi arewa maso gabas, ta fito daga inuwar duniya ta shiga hasken rana, sai gajimaren hayaƙinta ya haskaka a kan baƙin sama. Tauraron da aka ga ya tashi, wutar injin ce. Lemar ita ce hayaƙin da ya bazu, zaruruwan kuwa layukan hayaƙin ne daga bututun injin daban-daban. Na'urorin ɗaukar hoto da aka girka a arewacin Tarayyar Sobiyet da Finland domin nazarin hasken arewa, waɗanda ke ɗaukar dukkan sama kai-tsaye ba tare da mutum ya taɓa su ba, sun ɗauki gajimaren a wannan lokaci.

To me ya sa shaidu suka rantse cewa abin yana kan garinsu ne, har wasu suka ce a kan titi kaza ya tsaya? A nan ne ya kamata a yi wa shaidun adalci. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne sun gani. Amma ido ba ya iya auna nisan abin da bai san girmansa ba, musamman a sama cikin duhu inda babu itace ko gini da za a gwada da shi. Abu mai faɗin mita 100 a nisan kilomita ɗaya da abu mai faɗin kilomita 50 a nisan kilomita 500 girmansu ɗaya ne a ido. Ƙwaƙwalwa kuwa takan zaɓi fassarar da ta saba da ita, wato ƙaramin abu a kusa. Haka kuma idan abu yana ƙara girma, ido yakan ɗauka matsowa yake yi, shi ya sa gajimaren da ke faɗaɗa yana nisanta ya zama kamar yana nufo gari. Hujjar da ta rufe wannan ƙofa ita ce faɗin yankin da aka ga abin. Abin da ya tsaya a kan wani titi na Petrozavodsk ba zai ganu a Leningrad da Finland a lokaci guda ba. Domin a gan shi daga wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, dole ya kasance can sama ƙwarai, kuma ya kasance ƙato ƙwarai.

Akwai masana na gaske da ba su gamsu gaba ɗaya ba, kuma bai dace a share su ba. Lev Gindilis na Cibiyar Nazarin Taurari ta Shternberg da ke Mosko, wanda ya tattara bayanan shaidu da yawa, ya nuna cewa wasu sun ce abin ya yi yamma alhali rokar gabas ta nufa, kuma akwai rahotannin da suka ambaci lokuta kafin ƙarfe huɗu. A ganina waɗannan ba su rushe bayanin ba. An karɓi yawancin bayanan ne kwanaki ko makonni bayan faruwar abin, bayan mutane sun karanta jarida sun kuma tattauna da juna, kuma mutumin da ya farka a firgice da asuba ba lallai ya duba agogo ba. Gefen gajimaren da ke faɗaɗa zai iya tafiya yamma ko da rokar kanta tana tafiya gabas. Idan kuma labari ya yi ƙarfi, duk wanda ya ga wani haske a wannan dare, ko tauraro ne ko jirgi, sai ya jingina shi da babban lamarin. Ba na cewa an bayyana kowane rahoto ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake cewa shi ne lemar hasken da aka gani da ƙarfe huɗu, wadda ita ce asalin labarin, an san abin da ya haifar da ita.

Martanin gwamnati shi ne ɓangaren da ya fi koyar da darasi. Wasiƙu sun yi wa Kwalejin Kimiyya ta ƙasa yawa, tambayoyi kuma suka zo daga ƙasashen maƙwabta, sai a 1978 aka kafa wani shirin bincike na sirri mai rassa biyu. Reshen farar hula, Setka-AN, yana ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya, Vladimir Migulin, shugaban cibiyar IZMIRAN mai nazarin maganaɗisun duniya da saman iska, shi ne jagoransa, Yuli Platov kuma yana cikin manyan masu aikin. Reshen soja, Setka-MO, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, Kanar Boris Sokolov ne mai kula da tsarinsa. An guji kalmar NLO, aka zaɓi a ce abubuwan da suka saɓa wa al'ada a sararin sama. Aka umarci rundunonin soja su riƙa kai rahoton duk wani abin mamaki da suka gani, wanda hakan ya mayar da sojojin ƙasar baki ɗaya masu sa ido a sama. Shirin ya ɗauki shekara 13, ya canza suna zuwa Galaktika, daga baya Gorizont, ya duba rahotanni kimanin 3,000. Sakamakon da Platov da Sokolov suka wallafa a shekarar 2000 shi ne cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na abubuwan da jama'a suka gani harbin rokoki ne ko manyan balan-balan na bincike da ake sakawa sama, kuma ba su samu ko shaida ɗaya ta baƙin halittu ba. Sun danganta lamarin Petrozavodsk da Kosmos-955.

Masu wannan bincike sun fahimci amsar tun da wuri, domin abin da suke buƙata kawai shi ne jadawalin harbi, su ajiye shi kusa da jerin rahotanni. Amma ba su da ikon faɗa wa jama'a, domin faɗin haka yana nufin ambaton filin da aka ce babu shi. Sai aka shiga wani yanayi mai ban tausayi: wani sashe na gwamnati yana harba rokoki a ɓoye, jama'a suna gani suna tsorata, wani sashen yana kashe kuɗi yana binciken abin da na farko ya yi, sannan a hana shi bayyana abin da ya gano. A daren 14 ga Yuni 1980 abin ya maimaita kansa, lokacin da aka harba Kosmos-1188 daga Plesetsk, aka ga hasken a Mosko da tsakiyar Rasha, kuma ba a jima ba aka ga wani sashe na rokar a sararin Ajantina. Nan ma babu bayani. Ina ganin ba kuskure ba ne a ce labarin baƙin halittu ya yi wa masu tsaron sirri amfani, domin mutumin da ke neman jirgin wata duniya ba zai tambayi me ake harbawa daga dajin Arkhangelsk ba.

Wanda ya biya kuɗin wannan rufa-rufa shi ne amana tsakanin jama'a da masana. Direban motar asibiti ko ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya ga lemar haske da idonsa, aka ce masa dutsen sama ne, ya san ba gaskiya aka faɗa masa ba, kuma yana da hujja. Daga ranar ya daina yarda da bayanin hukuma, har da wanda yake daidai. Shi ya sa lokacin da aka sassauta takunkumin jaridu a ƙarshen shekarun 1980, ƙasar ta cika da labaran da ba su da tushe, har TASS ta ba da rahoto a watan Oktoba 1989 cewa yara sun ga dogayen baƙin halittu sun sauka a wani lambun shaƙatawa a birnin Voronezh. Kuma lokacin da aka fito da bayanin Kosmos-955 a fili, mutane da yawa suka ɗauke shi a matsayin wata sabuwar rufa-rufa, domin waɗanda suka ɓoye gaskiya shekaru da dama su ne yanzu suke cewa ga gaskiyar.

Akwai wani lamari na baya-bayan nan da ke nuna yadda abin zai iya kasancewa da an yi bayani da wuri. Da safiyar 9 ga Disamba 2009, kafin fitowar rana, mutanen arewacin Norway sun ga wani haske yana murɗawa a sama kamar nadin tabarma, da wani shuɗin layi yana fitowa daga tsakiyarsa. Hotunansa sun zagaya duniya cikin sa'o'i, maganar baƙin halittu ta fara tashi kamar yadda ta tashi a 1977. Washegari Ma'aikatar Tsaron Rasha ta amince cewa ta yi gwajin makami mai linzami samfurin Bulava daga jirgin ruwan ƙarƙashin teku a tekun da ake kira Farin Teku, kuma sashe na uku na makamin ya samu matsala. Masana suka nuna yadda sashen da ke jujjuyawa yana fesa hayaƙi a cikin hasken rana zai zana daidai wannan siffa, maganar kuma ta lafa ba da jimawa ba. Mutanen Petrozavodsk sun jira shekara shida kafin gwamnatinsu ta yarda cewa akwai wani fili mai suna Plesetsk, sun kuma jira shekara 23 kafin shugabannin binciken su buga cikakken bayanin aikinsu.